Albarushi da Dalma: Tarihin Bindigar Toka da Ɗurin Harsashi a Adar da Gobir Tudu

1. Gabatarwa

Duk wanda ya buɗe littattafan tarihin ƙasar Hausa zai tarar da labarin yaƙe-yaƙe da sunayen sarakunan da suka yi su, amma da wuya ya tarar da bayani a kan abin da ake ɗurawa cikin bindiga, da wanda ke haɗa shi, da inda ake samo kayan haɗin. Alhali kuwa bindigar da ba ta da albarushi da harsashi sanda ce kawai. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun waɗannan abubuwa biyu a ƙasar da a yau ta ƙunshi gundumomin Madawa da Buza da Kaita na jihar Tawa, wato Adar ta gabas da Gobir Tudu. Za mu fara da kalmomi, domin su ne shaidar da ta fi daɗewa a hannunmu, sannan mu duba zamanin sarakuna, da zuwan Faransawa, da dokokin da suka bar bindigar toka a hannun maƙera da maharba. A ƙarshe za mu nuna abin da ya shafi masu tsara ƙamus da masu shirya littattafan yaƙi da jahilci.

2. Abin da kalmomi ke faɗa

Manyan kalmomi uku na wannan fanni duk daga Larabci Hausa ta aro su. Bindiga ta fito daga bunduƙiyya. Albarushi ya fito daga al-barud. Harsashi kuwa ya fito daga ar-rasas, wanda asalin ma'anarsa a Larabci ita ce dalma, ƙarfen nan mai nauyi da taushi. Ke nan sunan harsashi da kansa yana ɗauke da tarihin abin da ake zuba shi da shi. Tun da kalmomin na Larabci ne, alama ce cewa ta arewa da gabas Hausawa suka fara sanin bindiga, ta hanyar fataken hamada da ta Barno, kafin bindigogin bakin teku su iso daga kudu.

Sauran kalmomin kuwa na gida ne. Abin da ake ja a tashi bindiga, kunama aka kira shi, saboda kama da wutsiyarta da kuma harbinta. Ana ɗura bindiga kamar yadda ake ɗura ruwa a gora, ana ɗana ta kamar yadda ake ɗana tarko da baka. Bindigar da ake ɗurawa ta baki tana da sunaye irin su bindigar toka, da adaka, da harba-ruga. Wannan suna na ƙarshe bayani ne cikakke a kan aibinta: in ka harba sau ɗaya, sai ka ruga ka nemi inda za ka sake ɗuri. A karin harshen Adar, wanda Bernard Caron ya yi wa littafi a 1991, halbi ake cewa da mahalba, kamar yadda ake ji a Sakkwato da Gobir.

Akwai wurare biyu da kalmomin suka sarƙe. Na farko, dalma ko darma a bakin mutanen da tana nufin ƙarfe iri biyu: mai nauyin da ake harsashi da shi, da kuma farin da ake narkarwa daga kuza, kamar yadda sunan garin Liruwen Dalma na ƙasar Bauci ya nuna. Na biyu, a labaran rediyo na wannan zamani ana cewa alburusai ana nufin harsasai masu kwanso, har yara da yawa ba su san cewa albarushi gari ne baƙi ba. Za mu koma kan wannan a ƙarshe.

3. Bindiga a zamanin sarakuna

Ibn Fartuwa ya ba da labarin ƴan bindigar Turkawa a rundunar Mai Idris Aloma na Barno a ƙarshen ƙarni na 16. A 1591 kuma, a Tondibi, sojojin Maroko masu bindiga suka karya rundunar Sanwai. Tarihin Kano ya ambaci shigo da bindigogi a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743), ya kuma ce Babba Zaki (1768-1776) ne ya fara ajiye ƴan bindiga a fada. A bakin teku kuwa abin ya wuce misali. Masanin tarihi Joseph Inikori ya ƙiyasta cewa tsakanin 1750 da 1807 ana shigo da bindigogi 283,000 zuwa 394,000 kowace shekara cikin Afirka ta Yamma.

Duk da haka, a ƙasarmu bindiga ba ta zama makamin yaƙi na farko ba. Adar ta shiga hannun Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu al-Mubarak, a 1674, kamar yadda Djibo Hamani ya bayyana a littafinsa na 1975 kan Adar kafin mulkin mallaka. Daga nan har ƙarshen ƙarni na 19, masu iko a wannan yanki, wato sarakunan Adar da Lisawan na Kaita da Kel Garas na wajen Madawa, da doki da raƙumi da takobi da mashi da garkuwar fata suka riƙe ƙasa. Talakawa manoma kuwa baka da kibiya mai dafin kwankwani suka dogara gare su, tare da duwatsun Adar da suke fakewa a ciki. Ko Daular Sakkwato, mai arziki da yawan jama'a, haka take. A 1826 Baturen Ingila Clapperton ya ga yaƙin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kai wa Gobirawa a Konya, kuma bindigogin da ya ƙidaya cikin rundunar dubban mutane ba su kai hamsin ba. Joseph Smaldone, a bincikensa na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato, ya nuna cewa sai a kashin ƙarshe na ƙarnin bindiga ta fara yawa a hannun sarakuna.

Dalilin wannan jinkiri yana cikin kayan ɗuri. Albarushi haɗin abu uku ne: gawayi, da farar wuta, da wani farin gishiri da ake tacewa daga ƙasar turke da gindin tsofaffin gine-gine, wanda Faransawa ke kira salpetir. A ma'aunin masana'antun Turai, gishirin kashi 75 ne cikin 100, gawayi 15, farar wuta 10. Gawayi ba ya wuya, gishirin ma ana iya samunsa da wahala, amma farar wuta sai an saya wurin fatake, kuma a ƙarni na 19 tsibirin Sisiliya ne ke ba duniya mafi yawanta. Dalma ita ma baƙuwa ce. Duwatsun Adar tama suke bayarwa, kuma maƙeran ƙasar gwanaye ne wajen narkar da ita, kamar yadda Nicole Echard ta nuna a rubuce-rubucenta da fim ɗinta na shekarun 1960. Sai dai ƙarfe ba ya narkewa ya zama ruwa sai zafi ya wuce digiri 1,500, dalma kuwa a digiri 327 take narkewa, wato ko wutar murhu ta ishe ta. Wanda ba shi da dalma ba zai yi zubi ba, sai ya sassare guntayen ƙarfe ko ya tsinci tsakuwa ya ɗura. Irin wannan harsashi ba ya cika bakin bindiga, ƙarfin albarushi yana zurarewa ta gefensa, ba ya zuwa nesa, ba ya bin saiti, yana kuma cinye cikin bindigar. Maharbin da ya ƙware da baka zai saki kibau da yawa kafin ɗan bindiga ya gama ɗuri ɗaya, kuma damina ba ta hana kibiya tashi yadda take jiƙa albarushi.

Masarautar da ta warware wannan matsala ita ce Damagaram. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, an tara dubban bindigogi ta hanyar Tarabulus, aka kafa masu haɗa albarushi da masu zubin igwa a cikin birnin. André Salifou ya kawo wannan a littafinsa na 1971. Abin lura shi ne Damagaram tana kan babbar hanyar fatake daga Tarabulus zuwa Kano, tana kuma da fada guda mai tara haraji. Adar kuwa iko a rarrabe yake tsakanin gidaje da ƙungiyoyi masu gaba da juna, babu wanda ya tara dukiyar da za ta riƙe masana'antar albarushi.

4. Zuwan harsashi mai kwanso

A lokacin da ake wannan hali, Turai ta canja bindiga gaba ɗaya. Faransa ta ɗauki bindigar Chassepot a 1866, mai ɗuri ta gindi da harsashi cikin takarda. A 1874 ta maye gurbinta da Gras, mai faɗin baki milimita 11. Harsashin Gras kwanson tagulla ne, cikinsa albarushi giram 5 da ɗan ɗori, a bakinsa dunƙulen dalma mai giram 25 naɗe da takarda, a gindinsa kuma ɗan ƙoƙo mai kama wuta in an buge shi. Yana fita da gudun mita 450 a daƙiƙa. Wato albarushi da dalmar da aka sani ne, amma an auna su, an rufe su daga ruwa, soja kuma yana iya ɗuri yana kwance. A 1884 Paul Vieille ya ƙago garin bindiga marar hayaƙi, a 1886 aka yi bindigar Lebel mai milimita 8 da ke cin harsashi takwas a cikinta.

Da waɗannan bindigogi biyu Faransawa suka shigo. Rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙwanni a watan Mayu na 1899 ta wuce gabas. Bayan da aka kafa bariki a Tawa, Kel Garas suka ƙi miƙa wuya, aka gwabza a Zangebe a watan Afrilu na 1901, sannan a Galma, cikin ƙasar Madawa, a watan Yuni na wannan shekara. A duka wuraren biyu mayaƙa masu takobi da mashi suka yi sukuwa kan sojojin da ke tsaye sahu-sahu suna sakin wuta tare, aka yi musu ɓarna mai yawa kafin su kai ga sahun. Jaruntaka ba ta gaza ba a Galma. Tazarar da ke tsakanin mai takobi da mai bindiga ce ta yi tsawon da doki ba ya iya cinye ta.

Akwai sarakunan Afirka da suka gane sirrin kwanso da wuri. Maƙeran Samori Ture, wanda Faransawa suka kama a 1898, suna gyaran bindigogin Gras, suna ƙera irinsu, suna kuma sake cika kwansunan da aka tsinto a fagen fama. A Habasha harsashin Gras ya yi daraja har ya zama kuɗin canji a kasuwa. Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne harsashin albarushi bai fi ƙarfin maƙeri ba. Kwanson tagulla yana jure ɗuri sau da dama, dalma tana zubuwa a mazubi, albarushi kuma ba shi da matsi mai tsanani. Abu guda da ba a iya yi a maƙera shi ne ɗan ƙoƙon nan mai kama wuta, kuma a kansa duk mai wannan sana'a ya dogara ga ɗan kasuwa. Harsashin Lebel kuwa ya fita daga hannun maƙeri ɗungum, domin garinsa aikin masana'antar magunguna ne, dalmarsa kuma sanye take da rigar ƙarfe. Saboda haka lokacin da Kawusan ya kewaye barikin Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917 da bindigogin zamani da ya samo ta Fezzan, ƙarfinsa ya rataya ne ga harsasan da ya zo da su daga arewa.

5. Doka ta tsayar da zamani

A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar Burusal, wadda ta hana sayar wa ƴan Afirka bindigogin zamani tsakanin layin digiri 20 na arewa da na 22 na kudu. Adar da Gobir Tudu suna cikin wannan yanki. Yarjejeniyar ta bar ƙofa ga bindigar ƙanƙara marar zare a ciki da albarushin kasuwa. Mulkin Faransa a Afirka ta Yamma ya gina dokokinsa kan wannan rabo, musamman dokar 1925: bindigogin fatauci a gefe ɗaya, waɗanda talaka ke iya riƙewa in ya sami izini ya biya haraji, da bindigogin zamani a gefe ɗaya, waɗanda aka keɓe wa Turawa da ƴan kaɗan daga sarakuna da ma'aikata da tsofaffin sojoji. Sokhna Sané ta bi tarihin waɗannan dokoki a littafinta na 2008.

Sakamakon wannan tsari abin mamaki ne. Bindigar da Turai ta yar tun tsakiyar ƙarni na 19 ta sami sabuwar rayuwa a karkarar Hausa cikin ƙarni na 20. Da yaƙi ya ƙare, ta bar hannun mayaƙa ta koma hannun maharba da masu tsaron gona da dabbobi daga kura da dila, da kuma ƴan bindigar fada masu buga ta ranar salla da naɗin sarauta, kamar yadda ake gani a Damagaram da Katsina da Kano. A daidai wannan lokaci tarkacen ƙarfen motoci ya cika kasuwanni, narkar da tama ta mutu, maƙeri ya sami bututun ƙarfe da ba sai ya naɗe shi da guduma ba. Dalma ma, wadda ta gagari sarakuna, ta zama abin tsinta cikin mataccen batirin mota. Ke nan a zamanin da bindigar toka ta daina yanke hukuncin yaƙi ne kayan ɗurinta suka wadata.

Wannan bindiga tana da halayen da duk maharbi ya sani. Fiye da rabin albarushi ba ya zama iska in ya ƙone, yana fita ne farin hayaƙi ko ya maƙale a cikin bututu. Wannan dauɗa tana jan laima tana cin ƙarfe, shi ya sa ake wanke bindigar da ruwa a shafe ta da mai. Bututun da aka yi don ruwa ko don ƙafar keke ba a yi shi don matsin wuta ba, kuma tsatsa tana rage kaurinsa a ɓoye, sai ranar da ya fashe a hannun mai shi. Haɗari mafi muni yana faruwa ne in aka zuba garin harsashin zamani cikin bindigar da aka ƙera don albarushi, domin matsinsa ya ninka na albarushi.

6. Bayan samun ƴancin kai

Fari na 1973-1974 da na 1984, da faɗaɗar gonaki a kwarin Majiya da na Tarka, sun rage daji da namun da ke cikinsa, har aikin gyaran ƙasa na Kaita da aka fara a 1984 ya zo ya tarar da tuddai tsirara. Maharbi ya koma kan zomo da zabon daji da fakara, ko ya jingine bindiga ya riƙe sanin magunguna. Ta fuskar doka kuma, Nijar ta kafa hukumar tattara makaman da ba su bisa ƙa'ida a 1994, ta yi dokar farauta da kare namun daji a watan Afrilu na 1998, aka kuma ƙone makamai a bikin Wutar Zaman Lafiya na Agadas ranar 25 ga Satumba 2000. Yarjejeniyar ƙananan makamai da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yi a 2006 ta haɗa har da ƙirar gida, ko da yake Nijar ta fita daga ƙungiyar a Janairu 2025. Rashin tsaro a kan iyakar Najeriya ya sa maganar bindigar gida ta sake tasowa, ta kuma zama maganar da mutane ke tsoron yi da baƙo. Mai bincike ya san da haka kafin ya shiga gari da rakoda.

7. Abin da ya rataya a wuyan masu harshe

Daga abin da ya gabata muna ganin ayyuka uku. Na farko aikin ƙamus ne. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun adana kalmomi da yawa na wannan fanni, amma sun fi karkata ga Hausar Najeriya. Sunayen sassan bindiga, da na mazubi da ma'auni, da kirarin mahalba a bakin Adarawa da Gobirawa, suna wurin tsofaffin da ke ƙarewa. Ya kamata a ɗauke su yanzu, tare da bambancin furuci daga Kaita zuwa Buza zuwa Madawa, ba tare da rubuta sunan wanda zai shiga uku saboda ya yi magana ba.

Na biyu aikin daidaita kalmomi ne. Tun da tsarin mulkin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, za a buƙaci fassara dokokin makamai da na farauta. Fassarar da ba ta raba albarushi da harsashi da kwanso ba, ko ba ta raba bindigar toka da ta zamani ba, za ta sa alƙali da wanda ake tuhuma su yi ta magana kowa da abin da yake nufi. Muna ba da shawara a bar albarushi ga baƙin gari, harsashi ga abin da ke fita, kwanso ga mazauninsu, a kuma keɓe dalma ga ƙarfe mai nauyi, a kira ɗayan farin ƙarfen kuza.

Na uku aikin lafiya ne, kuma shi ya fi gaggawa. Dalma guba ce mai taruwa a jiki, tana lalata ƙwaƙwalwar yaro tun kafin a ga alamar ciwo. A 2010 yara kimanin 400 suka mutu a Zamfara saboda ƙurar dalma da ke cikin dutsen zinariyar da ake niƙawa a gidaje. Wanda ke fasa batiri yana narka dalma a tsakar gida, ko don harsashi ko don wani aiki, ƙura iri ɗaya yake bar wa ƴaƴansa, kuma wani tozalin kasuwa ma dutsen dalma ne. Darasi guda a littafin yaƙi da jahilci, cikin Hausar da maƙeri da matarsa za su gane, a kan nisanta yara da tukunyar abinci daga wurin narka dalma, da kan haɗarin tsohon bututu da garin zamani, zai tsare rayuka. Ba za a iya rubuta wannan darasi ba sai an fara tattara kalmomin daga bakin masu su.